Kubewar da Ba Ta Je Gashuwa Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za a koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talatar makon jiya layi ya zo kan Baba Babba, yayan mahaifina. Ya yi sallar asuba a zaune, ya sha rabin kofin koko, ya ce Inna, mai ɗakinsa, ta ɗaga masa labule ya ga gari. Kafin hantsi ya cika. Shekarunsa ba wanda ya san su daidai. Shi dai yakan ce tamanin da 'yan kai, kuma ya fi shekara biyar yana faɗin haka.

Kwana uku na yi a soro ina karɓar gaisuwa, ina kallon yadda kowa yake kukan nasa rashin. Liman ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Matan unguwa in sun fito daga wajen Inna sai ka ji suna tambayar juna a ƙofar gida, "To bana wa zai ba mu irin yakuwa?" Wani direba mai jigila tsakanin Ɗambatta da Kano ya bar motarsa a bakin titi da fasinja a ciki, ya tako har gida ya yi addu'a. Ya ce ya fi shekara goma yana ɗaukar saƙon tsohon nan, kuma bai taɓa miƙa masa ambulan ba sai da ƙullin tattasai ko 'yar albasa na tukuici. Taubashin Baba kuwa, wanda lambunsu yake jingine da juna a fadama, ko a maƙabarta bai yi shiru ba. Ana zuba ƙasa yana cewa, "Ka gudu ke nan, ba ka yarda albasata ta fi taka ba." Mutane suka yi murmushi. Shi kuma ya juya baya, ya daɗe yana goge ido da hannun riga.

Ni ma ina da nawa kukan, sai dai nawa da tsoro a cikinsa. Da la'asar ɗin ranar farko wayar Baba ta yi ƙara a aljihuna. Muryar wani tsoho ce. Ya ce shi ne mutumin Gashuwa, labari ya iske shi ta bakin direbobi, kuma in Allah Ya yarda zai zo sadakar uku. Kowa a gidanmu ya san mutumin Gashuwa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa, har Baban kansa. Shekara kusan talatin suna aika wa juna irin shuka a ambulan. Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara tara da suka wuce na aika wa mutumin nan irin ƙarya da sunan Baba, kuma Baba ya tafi bai sani ba. A wurin jana'iza liman ya roƙi duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Ni kuwa na san akwai mutum ɗaya a duniya da yake ganin Baba ya cuce shi, alhali ni ne na yi. Kwana biyu gare ni in yanke shawara: in faɗa wa baƙon nan gaskiya, ko in bar laifin a kan wanda ba zai ƙara iya kare kansa ba.

Amma bari in fara da Baban, don shi na zauna rubutawa.

Manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani ya gangara fadama. Gonakinmu na nan arewa da Ɗambatta a matse suke, in ka yi atishawa a taka, maƙwabci zai amsa maka daga tasa. Baba ba shi da ƙasa mai yawa. Arzikinsa iri ne. In ka shiga ɗakinsa sai ka sunkuya, saboda ƙananan goruna da ke rataye a azara, ga kwalabe da gwangwanaye jere a gindin bango, kowanne da toka a ciki saboda ƙwari, kowanne da 'yar takarda da ajami. Inna takan ce ta auri mutum ɗaya ta tarar da dangi ɗari biyu a kwalba.

Musayar ta samo asali ne daga rediyo. A wancan zamani akwai shirin manoma da ake karanta wasiƙun masu sauraro har da adireshinsu. Wata rana aka karanta ta wani mai lambu a Gashuwa yana neman irin farar gauta marar ɗaci. Baba yana da ita. Ya ƙulla 'yan ƙwayoyi a takarda, ya tafi gidan waya a Ɗambatta ya sa kan sarki ya jefa. Bayan wata biyu sai ga ambulan da irin attaruhu a ciki, da wasiƙa shafi biyu. Daga nan abin ya yaɗu. Aka sami wani a Funtuwa, da wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti a Zariya, da wani malamin allo a Gumel, har suka kai mutum goma ko fi. Baba ajami yake rubutawa, ni kuma da aka tura ni koyarwa a wata firamare a Ɗambatta sai na zama mai rubuta masa wasiƙa da adireshi da boko, mai karanta masa wasiƙun da suka zo da boko, mai kuma kai saƙo. Da harkar gidan waya ta ja baya sai aka koma tasha, ana ba direbobi. Da wayar hannu ta zo mun saya masa, amma gaisuwar Sallah kawai yake yi da ita. Ya ce maganar iri ba a yin ta a tsaye ana sauri.

Ba a taɓa rufe ambulan a gidanmu ba sai an yi gwaji. Baba zai ƙirga ƙwaya goma, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ya tura ƙarƙashin randar Inna inda sanyi da laima suke. Bayan 'yan kwanaki ya zaro ya buɗe, ya duba nawa suka tsiro. In takwas ne ko fi, iri ya ci jarrabawa. In bakwai ne, ba ya fita daga gidan, shi zai shuka abinsa ya sha wahalarsa. Inna ta yi mita har ta gaji. "Duk matan garin nan ƙarƙashin randarsu kwaɗo ne," in ji ta, "ni tawa lambu ce." Amma na sha ganinta tana yayyafa wa tsumman ruwa in ya tafi kasuwa.

Bayan gwaji sai rubutu. Sunan iri, shekarar da aka cire shi, nawa suka tsiro cikin goma, sannan abin da na daɗe ban gane ba, wato aibinsa. Kowane iri sai an rubuta aibinsa. Wannan tumatir ba ya son ruwa ya kwanta masa. Wannan kabewar tana da daɗi amma ba ta ajiyuwa. Wannan yalon tsuntsaye na son sa fiye da mutane. Wata rana na gaji na ajiye biro.

"Baba, wai wa yake tona asirin kyautarsa? Ka ba mutum abu, ka kuma ce masa ga muninsa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Malam yake ce mini tun ranar da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana.

"Malam, mutumin nan zai ba shi ƙasarsa da ruwansa da bayansa har wata uku. Ai ya kamata ya san da wa zai zauna. Ɗauki alƙalaminka."

Kuma ba godiya yake jira ba in ya aika. Labari yake jira. Yaushe ya tsiro, wane ƙwaro ya kama shi, ya jure zafi ko ya langaɓe, me mai ɗakinka ta ce da ta sa shi a miya. Wanda ya karɓa sau biyu bai aiko da labari ba, Baba ba ya yi masa faɗa, sai dai ya daina jin motsin ambulan. Haka yake yi da matan unguwa ma. Zai ƙulla wa mace irin rama ko lalo ba tare da ya karɓi komai ba, amma in kaka ta yi ta zo gaishe da Inna, sai ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ba da bayani. Akwai wata gwaggonmu da take ƙara gishiri, ta ce yakuwar ta fi ta tsawo. Sai ya ce, "To ba tawa ba ce, tawa iya ƙugu take tsayawa." A yi ta dariya.

A labari ba wanda ya kamo mutumin Gashuwa. Wasiƙarsa in ta zo Baba sai ya yi alwala ya shimfiɗa buzu a inuwar darbejiya kafin in fara karantawa. Mutumin nan zai gaya maka ranar da ganye na uku ya fito. Zai gaya maka akuyar wa ta shiga, da abin da aka ce wa mai ita. Baba yana ji yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce in maimaita. Na taɓa ce masa ya shirya mu je mu ga mutumin. Ya ce, "Na san ƙasarsa, na san rijiyarsa, na san bakin matarsa a miya. Fuska ce kawai ta rage, ita kuma kowa da irin tasa."

Yana da zafi, kada in ɓoye. Wani mai babbar gona a kusa da Kano ya taɓa aiko masa da irin tumatir, ya rubuta wai na gado ne, tun kakansa ake shuka shi a gidansu. Baba ya zazzage a tafin hannu, sai ga ƙwayoyi jajaye da hodar magani, irin wanda ake sayarwa a gwangwani. Ya mayar cikin takardar, ya wanke hannu, ya ce in rubuta: "Na gode. Wannan irin kanti ne, kuma ba laifi ba ne, ni ma ina saya. Amma ka kira shi da sunansa na gaskiya." Na so in sassauta, na ƙara gaisuwa layi uku da addu'a. Ya ce in karanta masa abin da na rubuta. Da na karanta sai ya ce gaisuwar ta tsaya, amma maganarsa kada a taɓa mata ko wasali. A ranar aka mayar wa mutumin da kayansa.

Rigimarsa mafi tsawo da taubashin nan nasa ce, kuma a kan kubewa. Akwai wata kubewa da Baba ya gada wurin mahaifiyarsu, kakarmu, shi ya sa a gida muke ce mata kubewar Kaka. Gajeriya ce, tana saurin haihuwa, ga yauƙi, in an shanya ta kuma ba ta baƙi. Aibinta biyu: ƙaiƙayi kamar me, sannan in ka yi kwana biyu ba ka tsinka ba ta ƙosa, sai dai iri. Wata shekara taubashin ya shuka doguwar kubewar kasuwa daf da ta Baba. Baba ya ce ya matsar da ita can ƙarshen lambu, don ƙudan zuma ba su san iyaka ba, za su gauraya masa iri. Taubashi ya ce ƙasarsa ce, in ƙudan zuma sun yi laifi a kai su gaban dagaci. Wasa ya zama gaske. Suka yi wata huɗu sallama kawai ke haɗa su, mutanen da kullum sai sun ci goro ɗaya. Abin da ya raba rigimar, da rani ya shigo renon albasar taubashin ya ƙone ƙurmus. Baba ya gani. Ya ciro rabin nasa renon ya jera masa a bakin rijiya ya koma aikinsa. Taubashi ya zo ya gani, ya ɗaga murya ya ce, "Wane marar aikin yi ne ya zubar da ciyawa a nan?" Baba ya ce, "Dasa dai, ka ga yadda albasa take." Shi ke nan suka shirya.

Amma kubewar ta riga ta gauraya. A daidai lokacin ne kuma mutumin Gashuwa ya roƙi irinta, saboda yawan labarinta da yake ji. Baba ya ce ya yi haƙuri sai ta tsarkaka. Ya ɗauke ta daga fadama ya dawo da ita bayan ɗakin Inna, gindi goma sha biyu kacal. Duk wadda ta fito da tsawo ko ganyenta ya sauya sai ya tuge ta tun kafin ta yi fure. Shekara uku yana wannan tankaɗe, shekara uku mutumin Gashuwa yana tuni cikin ladabi. A ta ukun Baba ya gamsu. Irin da ya samu bai cika tafin hannu ba. Ya gwada goma, tara suka tsiro. Ya raba sauran biyu, rabi na gida, rabi ya ƙulla da toka ya sa a ambulan. Ranar har wanka ya yi ya sa farar riga, kamar shi zai yi tafiyar. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Malam, wannan ba ta da ta biyu."

Ranar kasuwar Ɗambatta ce. Na isa tasha motar Kano ba ta cika ba, direban da muke ba saƙo ya tafi cin abinci, ga shi an kira azahar. Na sa ambulan ɗin a kwandon babur, na ɗora hulata ta rana a kai, na shiga masallaci. Ina fitowa na tarar da hula a ƙasa, wata jar akuya tana tsaye tana tauna, kusurwar ambulan na leƙowa daga bakinta. Na kai mata duka ta ruga. Na durƙusa ina tonon ƙasa a gaban jama'a, ni malamin makaranta mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, ban tsinci ko ƙwaya ɗaya ba.

Da na hau babur na koma gida na faɗa, da yau ba ni da abin rubutawa. Amma na tuna farar rigar nan, na tuna shekara ukun nan, sai ƙafata ta ƙi. Sai wata dabara ta zo mini, irin ta mai ilimin boko da bai taɓa cire iri da hannunsa ba. Na ce a raina, kubewa ai kubewa ce. Na shiga kasuwa wajen masu iri na sayi na kubewa, na roƙi toka a murhun mai shayi na barbaɗa, na sayi sabon ambulan. Na rubuta duk abin da Baba ya ce in rubuta da safe, har tara cikin goma, har ƙaiƙayin, har saurin ƙosawar. Na ba direba. Da na koma Baba ya ce, "Ta tafi?" Na ce ta tafi.

Bayan damina wasiƙar Gashuwa ta zo. Baba ya shimfiɗa buzu. Na buɗe, layi biyu ne: "Kubewa ta fito. Allah Ya saka da alheri."

"Ci gaba," in ji Baba.

"Shi ke nan, Baba."

"Juya bayan takardar."

Na juya, ba komai. Ya karɓa ya daɗe yana kallonta, shi da ba ya karanta boko, sannan ya ninke ya sa a aljihu. Musaya ba ta tsaya ba, ambulan na zuwa na tafiya, amma wasiƙun shafi biyu ba su ƙara zuwa ba. Mutumin bai sake tambayar kubewa ba, Baba kuma ba ya aika iri ɗaya sau biyu sai an nema. Na sami damar faɗa ta fi a ƙirga. Kunya ce ta hana ni, da tsoron kada ya daina ce mini Malam da irin muryar nan. Ko a ciwonsa na ƙarshe na zauna kusa da shi na buɗe baki, sai ya tambaye ni ko an juya irin albasa a rana. Na ce an juya, na tashi na fita.

Ranar uku da hantsi ɗan acaba ya sauke baƙon a ƙofar gida. Shekara da shekaru ina zana shi a raina ƙato mai babbar riga. Ashe ɗan ƙaramin tsoho ne baƙi, da sanda, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya zauna aka yi addu'a da shi, aka raba gumba, jama'a suka fara watsewa. Ni kuwa ina ta kai da kawo da buta da tabarma, duk don kada mu haɗa ido. Har lokacin ban yanke shawara ba. Sai ya kira ni.

"Kai ne mai rubutun?"

"Ni ne, Baba."

"Na san hannunka kafin in san fuskarka. Ka yi mini iso in gai da mai takaba."

Na shiga da shi. Inna tana cikin ɗakinta bayan labule, ya tsaya daga waje ya yi mata ta'aziyya, ta amsa. Da zai juya sai idonsa ya faɗa kan 'yan shukokin bayan ɗaki. Damina ta kusa ƙarewa amma kubewar tana haihuwa, don Inna ba ta bar ta da ƙishi ba duk jinyar nan. Ya taka a hankali ya sunkuya, ya kama ɗaya, ya yi saurin sakinta yana sosa yatsu.

"Wannan wace ce?"

"Kubewar Kaka ce."

Ya auna tsawonta da sandarsa, ba ta kai masa ƙugu ba. Sannan ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, "Ba ita ta zo mini ba."

A nan na durƙusa. Ban tsara komai ba, haka na zubo shi, da akuyar, da mai shayin, da tokar, da tara cikin goman da na rubuta a kan abin da ba a gwada ba. Na ce Baba ya ba ni ta gaskiya da hannu biyu, ya shekara uku yana tace ta dominsa, kuma ya rasu yana zaton ta isa. Na ce in akwai wanda za a riƙe a zuci, ni ne.

Tsohon ya nemi wuri, ya zauna a kan turmin da ke kife.

"Na ba ta fangalin da ya fi kowanne a lambuna," in ji shi. "Ta fito doguwa, wata ja wata kore, ga jinkiri, ga ba yauƙi. Na gane ta kasuwa ce tun tana ganye huɗu. Na ce a raina, shekara uku yana ja mini rai, ashe ba ya son ba ni ne, abin uwarsa ne, ya ji kunyar ya ce a'a. Ni ma na ji kunyar in tambaya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Akuya. Shekara tara, ashe akuya ce."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Labulen Inna ya motsa, na san duk ta ji.

"Kai kuwa ɗan nan," ta ce daga ciki, "da ka faɗa masa, faɗan kwana biyu zai yi maka ya huce. Ka guje wa kwana biyu ka ɗauki shekara tara."

Gaskiya ta faɗa.

"Tashi," in ji baƙon. "Ni na yafe maka, duniya da lahira. Tsoro ne, kowa ya san shi. Amma ka ji nawa. Tun daga shekarar nan, in na cire iri, na farko in raba wa sauran abokai, shi in aika masa na biyu. Ba ruɓaɓɓe ba, amma ba wanda zan sa sunana a kai da alfahari ba. Na daina ma rubuta masa nawa suka tsiro. Shekara tara ina rama abin da bai yi mini ba." Ya dube ni. "Kai ka sami wanda za ka roƙa. Ni wa zai roƙar mini shi?"

Inna ce ta yi gyaran murya.

"Baƙo, ka ce kai ne na Gashuwa ko?"

"Ni ne, Hajiya."

"To ai ya ga irin naka ya sauya. Duk wanda ka aiko sai ya gwada, wani biyar, wani shida. Na ce masa mutumin nan ya fara yi maka rowa. Ya ce in daina faɗin haka. Ya ce wanda ya saba rubuta lamba ya daina, kunya yake ji, abin da ya samu ke nan. Ya ce ko ƙasarka ce ta gaji, ko idonka, ko wata lalura ta same ka ba ka son faɗa. Tun daga nan in zai ƙulla naka sai ya ninka, ya zaɓo maka na sama. Yakan ce, a ƙara wa mutumin Gashuwa, shekarun nan ba su yi masa daɗi ba."

Ni ne mai ɗaukar ambulan ɗin nan zuwa tasha. Na san na Gashuwa ya fi sauran nauyi a hannu, ban taɓa tambayar dalili ba.

"Bai tafi da kai a ransa ba," in ji Inna. "Tausayinka ya tafi da shi. Ba abin da za a roƙa."

Tsohon ya ɗora goshinsa a kan sandarsa, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago sai ya ce, "Hajiya, da ma fushi ya yi da ni, da ya fi mini sauƙin ɗauka."

Ya kwana biyu a wurinmu. Na kai shi maƙabarta, ya daɗe a tsugune, na ja baya na ba shi wuri. Na kai shi fadama, taubashin Baba ya kama shi da musun albasa har la'asar, na ji dariyarsu daga bakin rijiya. Da na raka shi tasha ya riƙe hannuna bai saki ba sai da mota ta tashi. Na dawo gida ina jin baƙin cikin rashin Baba yadda yake, amma ba tsoro a cikinsa, kuma sunansa ya fita fes a wurin mutum ɗayan da yake zarginsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya yi masa irin kyakkyawan zaton da ya yi wa bayinSa. Mu da muka saura, Allah Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun masu jin ta suna nan.